Wasan Gem da Neman Zaman Lafiya: Wa Ke Riƙe da Ƙa'idar Wasan?

A shekarar 2003 wani mai tsara wasannin kwamfuta ɗan ƙasar Yurugwai, Gonzalo Frasca, ya saki wani ɗan ƙaramin gem a intanet mai suna September 12th. Abin da ke kan allo bai taka kara ya karya ba. Wani gari ne irin na Gabas ta Tsakiya, ga kasuwa ga gidaje, maza da mata da yara na ta kai-kawo, a tsakaninsu kuma da 'yan bindiga ɗaiɗaiku. Makami ɗaya aka damƙa maka, mai linzami. Sai dai in ka saita ɗan bindiga ka harba, makamin ba ya sauka nan take. Kafin ya iso mutumin ya gusa, wasu sun shigo wurin. Gini ya rushe, bayin Allah sun mutu. Waɗanda ke kusa sai su durƙusa kan gawa suna kuka, da sun miƙe sai ka ga tufafinsu sun sauya, su ma sun zama 'yan bindiga. Kana ƙara harbi suna ƙara yawa. Tun kafin a fara an riga an faɗa maka cewa ba a cin wannan wasa, ba a faɗuwa, ba shi da ƙarshe. Ko dai ka harba, ko ka bari.

Ba wanda ya tsaya yi wa ɗan wasa wa'azi a ciki. Hujjar Frasca, cewa ruwan bama-bamai a kan gari ba ya rage 'yan ta'adda sai ma ya ƙara su, ba a rubuce take ba, tana cikin ƙa'idar da aka ɗora wasan a kai, kuma da yatsanka za ka tabbatar da ita. Abin da ya raba gem da fim ko littafi ke nan. A fim kana kallon wani yana yin zaɓi. A gem kai ne mai zaɓin, kai ne kuma za ka girbi abin da ya biyo baya. Masana irin su Ba'amurke Ian Bogost sun daɗe suna cewa ta wannan hanya gem ke jan ra'ayin mutum, ta ƙa'ida ba ta baki ba. Mutanen Rann a jihar Borno, da jirgin soja ya jefa wa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, da na Tudun Biri a jihar Kaduna da aka kashe ana tsaka da Mauludi a Disambar 2023, ba su da buƙatar gem ya nuna musu abin da makami daga sama ke yi. Irin wannan wasa an yi shi ne don waɗanda ake harbin da sunansu, su kuwa suna can nesa ba su taɓa jin ƙarar ba.

To amma in ƙa'ida ce ke magana, wanda ya rubuta ƙa'idar shi ke da bakin. A nan ƙarfin waɗannan wasanni yake, a nan kuma rauninsu yake, kuma babu misalin da ya fito da duka biyun kamar PeaceMaker.

Wannan gem ya faro ne a matsayin aikin ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2005, a hannun Asi Burak, tsohon hafsa a sashen leƙen asirin sojan Isra'ila, da Eric Brown Ba'amurke, aka sake shi kasuwa a 2007 da Ingilishi da Larabci da Ibrananci. Kana da zaɓi biyu: ka zama Firaministan Isra'ila ko Shugaban Hukumar Falasɗinawa. Gabanka taswira ce. Can sai wani wuri ya yi ja, ka latsa, hotunan labarai na gaske su fito: bam ya tashi a motar fasinja, ko sojoji sun kashe mutane a wani samame. Sai ka ɗauki mataki, ko na soja, ko na siyasa, ko na gina ƙasa. Ma'auni biyu ake bibiyarka da su, farin jininka a gida da kuma yadda ake kallonka a waje. In ka ce ƙarfi za ka sa a kowane lokaci, rikici zai ɓarke ka faɗi. In kuma ka yi ta sassauci ba ƙaƙƙautawa, mutanenka ne za su yi waje da kai. Wanda ya buga ɓangarorin biyu yakan ga abin da bai gani a labarai ba: shugaban Falasɗinawa kusan komai sai ya roƙa, kuɗin gina asibiti ma sai ya nemo a waje, ga ƙungiyoyi masu makamai da ba sa jin maganarsa, na Isra'ila kuwa yana da jirage da tankoki, amma kowane shingen bincike da ya cire sai ya biya farashinsa a gida.

A ƙarshen 2007, daidai lokacin taron sulhun Isra'ila da Falasɗinawa da aka yi a Annapolis ta Amurka, Cibiyar Peres ta Zaman Lafiya ta ɗauki nauyin raba kwafi 100,000 kyauta, mafi yawa ta jaridar Haaretz ta Isra'ila, wasu ta jaridar Al-Quds ta Falasɗinawa, sauran a makarantu. Ya yi tasiri? Wasu masu bincike biyu, Esra Cuhadar da Ronit Kampf, sun gwada shi a kan ɗaliban jami'a Yahudawan Isra'ila da Falasɗinawa da Turkawa da Amurkawa, suka buga sakamakon a 2014. Dukkansu sun ƙaru da sanin rikicin. Amma iya kallon lamarin da idon ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ainihin burin wasan, a wurin Turkawa da Amurkawa aka same shi, wato 'yan kallo. Masu abin, waɗanda aka yi gem ɗin dominsu, ba su gusa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A PeaceMaker hanyar cin nasara ɗaya ce tak, kafa ƙasashe biyu. Ba kai ka zaɓi wannan ba, masu wasan ne suka kulle shi a ciki. Bafalasɗinen da ke ganin adalci shi ne komawar 'yan gudun hijirar 1948 garuruwansu, da mai ganin ƙasa ɗaya ta kowa da kowa ce mafita, da ɗan kama-wuri-zauna da ba ya shirin barin ko taku ɗaya na Yammacin Kogin Jodan, duk wasan ya riga ya yanke cewa hanyarsu ba ta ɓullewa. Sannan tsarin ya ɗauka cewa matsakaicin shugaba mai haƙuri, in ya iya takunsa, zai kai ga gaci. Wannan fata ne, ba hujja ba. Watanni kaɗan bayan fitowar wasan Hamas ta karɓe iko da Gaza a Yunin 2007, taswirar siyasar da aka gina shi a kai ta tsufa tun yana sabo. Wanda ya buga shi yau, bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da rugurguza Gaza da ta biyo baya, zai ga duniyar da ke ciki ta fi ta waje tausayi nesa ba kusa ba.

Darfur is Dying, wanda Susana Ruiz da abokan karatunta na jami'ar Kudancin Kalifoniya suka yi a 2006 da tallafin tashar mtvU, ya bi wata hanya dabam. Za ka zaɓi mutum ɗaya daga wani iyali a sansanin 'yan gudun hijira a yankin Darfur na Sudan, ka ruga da jarka neman ruwa a fili fetal, kana ɓuya bayan duwatsu da 'yan tsirrai duk lokacin da motar mayaƙan sa-kai na Janjawid ta ɓullo. In ka zaɓi magidanci sai wasan ya hana, ya ce maka ba kasafai babban namiji ke fita ɗiban ruwa ba don kashe shi za a yi, shi ya sa mata da yara ke fita duk da abin da ke jiransu. Wannan ɗan bayani kaɗai ya fi dogon rahoto shiga zuciya. Dubban ɗaruruwan mutane sun buga shi cikin 'yan watanni, akwai kuma wurin latsawa a aika wa Shugaba Bush ko 'yan majalisa saƙo. Amma an yi shi ne a Kalifoniya domin matasan Amurka, kuma mutumin Darfur a ciki ba shi da aiki sai gudu da ɓuya. Ba ka jin dalilin yaƙin, ba ka jin rigimar ƙasa da kiwo, ba ka jin hannun gwamnatin Khartum sai sama-sama. Janjawid ɗin nan su ne aka yi wa kwaskwarima a 2013 suka zama rundunar RSF, su ne kuma tun Afrilun 2023 suke gwabzawa da sojan Sudan, suka sake yi wa mutanen garin El Geneina na Darfur kisan kiyashi. Yankin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe, ta nan alhazan ƙafa suka riƙa ratsawa zuwa Makka, da yawa kuma suka yada zango a Sudan har yau zuriyarsu na can.

Shi ya sa na fi ba wa wasannin da masu abin suka yi da hannunsu muhimmanci, ko da ba su kai na kamfanoni kyan gani ba. Lual Mayen ɗan Sudan ta Kudu ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda. Mahaifiyarsa ta shekara 3 tana tara kuɗin ɗinki har suka kai dala 300 ta saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, shi kuma yana tafiyar awa 3 a ƙasa zuwa inda zai yi caji. Da ita ya koya wa kansa aikin, ya yi gem mai suna Salaam, aka karrama shi a bikin The Game Awards na 2018. Haka Rasheed Abueideh, Bafalasɗine, ya yi Liyla and the Shadows of War a 2016, labarin wata yarinya da iyayenta a yaƙin Gaza na 2014. Abin da ya same shi kuwa zan zo kansa.

Cikin duk wannan rukuni, wanda ya tsallake katangar "wasan faɗakarwa" ya shiga kasuwa sosai shi ne This War of Mine na kamfanin 11 bit studios na Poland, 2014. Sun ɗauko shi daga ƙawanyar da aka yi wa Sarayebo, babban birnin Bosniya, tsakanin 1992 da 1996. Ba soja kake ba, wasu fararen hula ne a rusasshen gida kake ƙoƙarin raya su. Da rana ba fita saboda maharba daga saman gine-gine, da dare mutum ɗaya zai fita neman abinci da magani. Wata rana za ka tarar da gidan wasu tsofaffi biyu da ba za su iya kare kansu ba, ga magani a ɗakinsu, ga naka majinyaci a gida. In ka ɗauka ba wanda zai kama ka, amma mutanenka za su shiga damuwa, wani ya daina aiki, wani ma ya kashe kansa. An sayar da miliyoyin kwafi, kuma a 2020 gwamnatin Poland ta sa shi cikin jerin abubuwan da ake shawartar manyan ɗaliban sakandare su nazarta, kafaɗa da kafaɗa da littattafan adabi. Sirrinsa a ganina shi ne bai yi alkawarin kawo ƙarshen wani yaƙi ba. Tambaya ɗaya ya ɗora maka, me za ka aikata in yunwa ta kai maka iya wuya, ya bar ka da ita.

Wata dabarar kuma ba ta damu da labarin cikin wasa ba sam. Ƙungiyar Games for Peace a Isra'ila tana haɗa azuzuwan yara Yahudawa da Larabawa a cikin gem ɗin gine-gine na Minecraft, ta cakuɗa su ƙungiya-ƙungiya suna gini tare har tsawon makonni, daga baya a haɗa su ido da ido. Tunanin ya samo asali daga masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport, wanda a 1954 ya ce cuɗanya na rage ƙiyayya in an cika sharuɗɗa huɗu: matsayi ɗaya, buri ɗaya, aiki tare, da goyon bayan hukuma. Ukun farko gem na samar da su cikin sauƙi, domin a Minecraft ba wanda ya fi wani fasfo. Na huɗun, da abin da yaro zai tarar in ya kashe kwamfuta ya fita titi, ba a hannun gem suke ba.

Duk waɗannan in aka tara su ba su kai cikin cokali ba in aka kwatanta da wasannin yaƙi. Rundunar sojan Amurka ta saki America's Army kyauta ranar 4 ga Yulin 2002 don jawo matasa aikin soja, ta riƙe shi shekara 20 kafin ta rufe a 2022. Hizbullah ta mayar da martani da nata, Special Force, a 2003. A Call of Duty: Modern Warfare na 2019 akwai wani wuri da aka kira hanyar mutuwa a wata ƙasa ta ƙage, aka ce Rashawa ne suka yi luguden wuta a kan masu gudu. A tarihi kuwa sunan nan na hanyar da ta tashi daga Kuwait zuwa Iraƙi ne, inda jiragen Amurka da ƙawayenta suka ƙone ayarin sojojin Iraƙi masu janyewa a Fabrairun 1991. Miliyoyin matasan da suka buga wannan, ciki har da na gidajen gem ɗinmu, su ma darasin tarihi aka ba su, ba tare da an ce musu darasi ne ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta gane haka, maimakon ta yi ta kiran a haramta sai ta shiga ciki. Da haɗin gwiwarta kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek ya ƙara wa wasansa na yaƙi Arma 3 wani babi a 2017 kan dokokin yaƙi, inda kake ma'aikacin agaji mai tono nakiyoyin da yaƙi ya bari, aka kuma ba ƙungiyar rabin kuɗin da aka samu a shekarar.

Masu fafutuka ma sun koma wannan hanya, su bi jama'a inda suke maimakon jiran jama'a su zo. Ranar 12 ga Maris 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta Reporters Without Borders ta buɗe wani katafaren ɗakin karatu a cikin Minecraft, ta zuba rubuce-rubucen da aka toshe a Masar da Rasha da Saudiyya da Biyetnam, da na 'yan jaridar da aka kashe a Meziko, har da na Jamal Khashoggi da aka hallaka a ofishin jakadancin Saudiyya a Istanbul a 2018. Hikimar ita ce gwamnati na iya toshe shafin jarida, amma toshe gem ɗin da yara miliyoyi ke bugawa ya fi wuya. A Mayun 2023 jaridar Helsingin Sanomat ta Finland ta yi irin haka a wasan harbi na Counter-Strike, wanda Rashawa ke matuƙar so: ta gina taswira mai ɓoyayyen ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, cike da rahotannin yaƙin Yukiren da harshen Rashanci. A Hong Kong, lokacin da korona ta hana taro a 2020, matasa irin su Joshua Wong sun kafa allunan zanga-zanga a tsibiransu na cikin gem ɗin Animal Crossing. Ba a jima ba gem ɗin ya ɓace daga shagunan intanet na Sin.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai fafutuka a cikin gem tamkar mai kasa kaya ne a rumfar haya, ranar da mai kasuwa ya ga dama zai ce ya kwashe. A Oktoban 2019 wani ɗan gasar gem ɗin Hearthstone ɗan Hong Kong da aka fi sani da Blitzchung ya furta taken 'yancin birninsu a hirar da ake yi da shi kai tsaye. Kamfanin Blizzard mai gem ɗin, na Amurka amma mai babbar kasuwa a Sin, ya dakatar da shi shekara guda ya ƙwace kuɗin da ya ci. Sai da 'yan wasa suka yi ca, ma'aikatan kamfanin suka nuna fushi, 'yan majalisar Amurka na jam'iyyu biyu suka yi tir da matakin, sannan aka mayar masa da kuɗinsa aka rage hukuncin zuwa wata 6. Shi kuwa Abueideh, da ya kai Liyla shagon Apple, ce masa aka yi abin nasa bai dace da sashen wasanni ba, ya kai shi sashen labarai ko na bayanai, alhali shagon cike yake da wasannin harbi da ba wanda ya ce siyasa ce. Nan ma sai da aka yi surutu Apple ya janye.

Ko a tara kuɗin agaji, wanda shi ne fannin da aka fi ganin sakamako a zahiri, zaɓin na mai kamfani ne. Epic Games ya sadaukar da cinikin Fortnite na mako 2 a Maris da Afrilun 2022 ga agajin Yukiren, aka tara dala miliyan 144. Abin yabo ne ƙwarai. A 2021 kuwa ƙananan masu tsara gem ne suka haɗa kayansu a shafin itch.io don agajin Falasɗinawa, suka tara kusan dala 900,000. Bambancin ba na yawan masu wahala ba ne, na wane bala'i ne babban kamfani zai iya tsayawa a kansa ba tare da ya yi asarar kasuwa ba.

Gwamnatoci kuwa tuni suka ɗauki gem a matsayin kayan diflomasiyya, sai dai ba irin wadda masu PeaceMaker suka yi mafarki ba. A 2011 Firaministan Poland Donald Tusk ya ba Barack Obama kyautar The Witcher 2, don nuna abin da ƙasarsa ke iya ƙerawa. Shinzo Abe na Japan ya fito da shigar Mario a bikin rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016. Bayan arangamar sojojin Indiya da Sin a kwarin Galwan a Yunin 2020, Indiya ta haramta PUBG Mobile a watan Satumba saboda hannun kamfanin Tencent na Sin a ciki, bai dawo ba sai da kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu, mai wasan, ya raba gari da Tencent a kasuwar Indiya ya sauya masa suna.

Babu wanda ya zuba kuɗi kamar Saudiyya. A 2022 ta sanar da shirin kashe kusan dala biliyan 38 a harkar ta hannun kamfanin Savvy Games na asusun jarin gwamnati, a 2024 ta fara gasar cin kofin duniya ta wasannin gem a Riyad da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Masu suka na cewa wanke suna ne, Saudiyya na cewa raba tattalin arziki ne da dogaro da mai da kuma samar wa matasanta abin yi, kuma ba lalle ɗaya ta kore ɗaya ba. A Satumbar 2025 aka sanar da cinikin kamfanin Electronic Arts a kan dala biliyan 55, masu sayen kuwa su ne asusun na Saudiyya da kamfanin Silver Lake da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Donald Trump. Electronic Arts shi ne mai wasan yaƙi na Battlefield, shi ne kuma mai wasan ƙwallon da aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna, wanda samari ke layi a kansa a gidajen gem daga Kano har Damagaram.